Kullu Ba Ya Girma

Kano, 14 ga Maris

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa Kumasi lafiya, ya gajiyar hanya? Tun tafiyarku Inna ba ta daina zancen yaronka ba, musamman safiyar da ya leƙa ƙwaryar kullun waina ya ruga yana cewa, "Inna, kullu ya girma!" Ta kamo hannunsa ta zaunar da shi kusa da tanda, ta ce, "Kullu tashi yake yi, ɗan nan. Kai ne kake girma."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ashe ba kowace ƙaruwar jiki muke kira girma ba. Kullu ya tashi, ƙafa ta kumbura, kogi ya cika ya tumbatsa, balan-balan a hura shi. Duk waɗannan suna iya komawa: kumburi ya sace, ruwa ya janye. Amma yaro ko maraƙi ko dashen mangwaron nan na tsakar gida, in sun girma sun girma ke nan. Gari kuwa mun fi cewa ya bunƙasa, kamar yadda Kano ta tsallake badala tuntuni ta miƙa har bayan Kabuga.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kalmar ba ta tsaya a jiki ba. Na girme ka da shekara 2, ga ta ta koma shekaru. Girma ya kama Baba, wato tsufa. Mu ce mai girma gwamna, mu yi wa dattijo addu'ar Allah ya ƙara girma, in ya yi abin kunya a ce girma ya faɗi. Wanda ya ba wa kansa kuwa, ka san girman kai rawanin tsiya. Shi ya sa in aka ce wa saurayi "an girma ba a san an girma ba", ba tsayinsa ake aunawa ba.

Don Allah kada ku yi masa dariya in ya yi irin wannan tuntuɓen. A Zango yake tashi, Turanci da yaren Asante cike da kunnensa, amma ga shi yana ƙoƙari. Ku riƙa gyara masa a hankali yadda Inna ta yi. Ta ma ɗinka masa riga, ta sa tela ya ƙara tsawo, wai kafin Babbar Sallah zai cika ta.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka