Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Riƙa Tambayar Iyayen Adashi

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya taya ka riƙo.

Ni uwar adashi ce a cikin birni, ta wajen Gwale. Shekara goma sha ɗaya ke nan mata suna kawo mini zubi duk ranar Juma'a: mai ƙosai, mai awara, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai markaɗe, masu ɗinki, da wata tsohuwa mai dakan fura da ba ta taɓa fashin zubi ba ko da sati ɗaya. 'Yata ce ta buga mini wannan a waya, amma maganar tawa ce.

Ranka ya daɗe, ranar da ka sha rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, ita ce ranar da aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma komai ya bi ta: wake, waken suya, gawayi, kuɗin adaidaita zuwa kasuwar Dawanau ko ta Singa. A littafina na ga abin ƙuru-ƙuru. Matan da ke zuba hannu biyu suka koma hannu ɗaya, wasu suka zo da kunya suka ce a cire su sai abin ya lafa.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Mun ga TraderMoni, shirin gwamnatin tarayya na ƙananan 'yan kasuwa, a 2018, naira dubu goma-goma. Mun ji an ware wa magidanta miliyan 15 naira 25,000 har wata uku, sannan ga naira 50,000 da gwamnatin tarayya ta raba wa masu ƙananan sana'o'i ta Bankin Masana'antu. Kai ma ka fito da naka, mata 5,200 a wata, kowace naira 50,000. Allah ya saka da alheri. Sai dai idan aka raba 5,200 a mazaɓu 484 na jihar nan, mace goma ce ko sha ɗaya a kowace mazaɓa. Abin da bai wadaci kowa ba, to yadda ake zaɓen masu samu shi ne maganar gaba ɗaya.

A nan gizo ke saƙa. Yawancin tallafin yanzu ta intanet ake nema. Matar da ke cikin gida tana suya tun asuba, wayarta ƙarama ce mai tocila. Sai ta aiki yaro kafe a cika mata fom, ta biya kuɗin da ya kamata ta sayi mai da shi. Can sai a ce sunanta na BVN bai yi daidai da na NIN ba, domin a ɗaya sunan mahaifinta ne, a ɗaya na mijinta. Shi ke nan, ta faɗi tun ba a fara ba. Wanda ke da babbar waya da data da wani sananne a sama, ko bai taɓa sayar da ko ashana ba, shi ne zai ji alat.

Ga kuma ɓarayin zaune. Duk sanda aka sanar da tallafi a rediyo, kafin magariba saƙonni sun cika WhatsApp, wai a shiga nan a yi rajista. Mai markaɗenmu haka wani ya kira ta, ya ce daga ofishin tallafi yake, ta karanto masa lambar da aka turo mata. Kuɗin adashin da ta kwasa a makon, wanda za ta gyara inji da shi, aka yashe tas. Har yau idan ta ji kalmar tallafi sai ta tsuke baki.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A liƙa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar gidan mai unguwa da ofishin mazaɓa, da sana'ar kowace a gaban sunanta. Mu a unguwa mun san juna. Idan aka rubuta wance mai ɗanwake, alhali ba ta taɓa ɗora tukunya ba, yaran layi ma za su faɗa. A kuma buɗe teburin rajista a mazaɓa, da ma'aikata mata, kyauta, a yi shela cewa babu wanda zai kira ka a waya ya nemi lamba.

Babban roƙona shi ne a bambanta taimako da jari. Bazawara mai marayu biyar a ba ta kyauta, ta ci da 'ya'yanta, ba laifi. Amma mai sana'a ba kyautar lokaci ɗaya take buƙata ba, domin dubu hamsin idan ta shigo gidan da babu hatsi, tukunya ce ke cinye ta kafin ta isa kasuwa. Rance take so wanda za ta juya ta biya, a ƙara mata. Kuma ya zama babu kuɗin ruwa, don matanmu da yawa saboda shi suke gudun bashin banki, kuma suna da gaskiyarsu. Ba baƙon abu ba ne a Kano, tun 2012 bankin Jaiz ke aiki a garin nan ba tare da ruwa ba.

Za a ce talaka ba ya biyan bashin gwamnati, yana ɗaukarsa rabonsa ne na arzikin ƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya, mun ga yadda aka sha fama da bashin manoma na Anchor Borrowers. To amma me ya sa matar nan ba ta cin kuɗin adashi? Domin wadda za ta kwasa a mako mai zuwa maƙwabciyarta ce, tare za su haɗu a gidan suna. A ba ƙungiyar mata goma ko ashirin rance a dunƙule, su tsaya wa juna, in sun biya a ninka musu. Mu iyayen adashi muna da littattafai na shekaru da ke nuna wa ke cika alkawari, wa ke noƙewa.

Nawa littafin yana nan, mai bangon shuɗi, duk ya sha man gyaɗa. Idan ka turo wakili ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da ake zubi, zai tarar da su duka a tsakar gida.

Wassalam,
Wata uwar adashi, Gwale, Kano.