Edita, a daina ɗora wa tukunya laifin littafi

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Dan Allah ka bani ɗan fili in tanka wa wani bawan Allah da yayi rubutu a shafinku kwanakin baya, inda yake cewa wai ƙungiyoyin karatun littafi na wata-wata duk sun koma dandalin ciye-ciye, littafin sai dai a ɗora masa faranti, kuma wai duk masu son karatu na gaskiya su kori abinci daga zamansu. Na karanta nayi dariya sosai dan akwai inda ya sosa mana wurin da ke ƙaiƙayi, har na tura a guruf ɗinmu na WhatsApp aka yi ta caccaka, amma wallahi maganin da ya kawo ba shi bane, mun gwada shi mun ga ƙarshensa.

Ni shekara 6 kenan ina cikin irin wannan ƙungiya. Mu 9 ne duk mata, akwai malaman makaranta biyu har da ni, akwai Hajiyarmu wadda nas ce tayi ritaya, akwai mai ɗinki, ma'aikaciyar banki, matan gida uku, sai autarmu da bata daɗe da gama jami'a ba. Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa gida-gida, wadda aka je gidanta ita zata girka, a tattauna littafi a ci abinci a watse kafin dare.

Da farko ƙuri'a muke yi. Kowa ta kawo sunan littafi a guruf, wanda ya fi samun hannu shi za a karanta, kuma in ka ji haka sai ka ce ai adalci ya ƙare. Toh ba haka bane. Mutum biyar a cikinmu bakinsu ɗaya, labarin soyayya da rikicin gidan aure suke so, saboda haka kullum su ke cin zaɓe, mu huɗun da muka rage sai dai mu bi, wadda ke son tarihi ta shekara bata ga littafinta ya fito ba ko sau ɗaya. Da abin ya fara jawo guna-guni sai aka koma ɗaya ɓangaren, aka fara zaɓen littafin burga, wato irin wanda mutum zai so a ganshi riƙe da shi amma ba lallai ya buɗe ba. A haka ne wani wata aka ɗora mana wani tubali mai shafi 720. Edita kayi lissafi da kanka, 720 a raba gida 30 shafi 24 kenan kullum babu fashi ko na rana ɗaya, ga macen da sai ta gama da yara da wanke-wanke da makin ɗin takardun ɗalibai sannan take samun minti 15 kafin barci ya sace ta littafin ya faɗo mata a fuska.

Mutum biyu ne suka gama. Ranar zaman kowa ta zo da littafinta fes, bangon ko lanƙwasa babu, aka zauna shiru ana kallon kallo, babu mai son ta fara cewa ni fa a shafi na 60 na tsaya. Can sai wata tace kai Anti wannan miya me kika sa mata haka, shikenan faɗuwa ta zo daidai da zama, awa biyu cur ana hirar miya. Wanda ya leƙo ta taga a ranar zai rantse abinci ne ya kashe mana karatu, alhali kunya ce ta kora mu bayan tukunya muka ɓuya. Abin da marubucin naku bai gani ba kenan. Ban taɓa ganin ranar da littafi ya kama mutane da gaske sannan hirar girki ta iya ture shi ba, in littafi yayi daɗi ko ya ba mutane haushi sai mai gida tayi ta roƙo dan Allah ku zuba kar ya huce.

Amma bazan ce abincin bashi da nasa ba. Tunda littafin ya daina jan hankali sai gasa ta koma kicin, wannan tayi kala biyu, ta gaba tayi uku har da abin sha da na zaƙi, ta gabanta ta aro manyan kuloli daga maƙwabta sai kace biki. Mai gida kwana biyu take a tsaye, yaushe zata yi karatu. Ni kaina ranar da layi ya zo kaina na tsaya a gaban murhu ludayi a hannun dama littafi a hagu ina neman in fafe gora ranar tafiya, babi biyu suka rage min, ban ankara ba sai ƙauri, gindin tukunya ya kama ƙurmus, kuma mai ya fantsamo ya yi tambari a shafin littafin da ba ma nawa bane aro nayi. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shine wata a cikinmu da ta fara ɗauke ƙafa, yau ciwon kai gobe baƙi, sai daga baya muka gane layin girkinta ne ya matso kuma bata da halin yin irin wanda ake yi, ita ko bazata iya buɗe baki ta faɗa ba. Wallahi har yau in na tuna sai naji wani iri, muna ta karanta labarin mutanen da ke ɓoye talaucinsu a takarda ga tamu a gefe bamu gani ba.

Daga nan ne muka yi abin da malamin nan yake ba da shawara. Muka ce babu abinci, babu zuwa gidan kowa, aka samu wani ɗakin taro aka jera kujeru, ruwa kawai. Wata na farko mu 8, na biyu 6, na uku mu 4 muna kallon fanka. Kuma ba raguwar mutanen ce ta fi damuna ba, yanayin zaman ne, ya koma kamar jarrabawa, kowa na auna maganarta, in biyu suka saɓa a kan wani abu a littafi sai kowa ta ɗauki jakarta ta tafi da abin a ciki har wani watan. A gida kuwa ko an yi musu har murya ta tashi, ƙarshenta dai kwano ɗaya za a sa hannu, kuma wadda kika gama ce wa baki fahimci littafin nan ba ita zata tsaya kusa da ke tana ɗauraye faranti kina gogewa. Ai ba banza aka ce zumunci a ƙafa yake ba.

Hajiya ce ta dawo da mu hanya, ita dama bata da kwana-kwana. Tace a bar ƙuri'a kwata-kwata a koma layi, kowa da watanta, in naki ya zo ki zaɓi abin da kika ga dama babu mai musu, sharaɗi dai ki zama kin karanta shi da kanki tukuna ba wai kin ji ana yabonsa a Facebook ba, kuma ya zama ana samunsa ba sai an sha wahala ba. Kar ya wuce shafi 300, wato 10 a rana, in kuma lallai mai kauri kike so toh a raba shi wata biyu. Sannan ta raba abin da muka haɗe tun farko, wadda ta zaɓi littafi ba ita zata girka ba, saboda ita zata ja ragamar hira, kanta na buƙatar zama wuri ɗaya. Mai girki kuma tukunya ɗaya tal, duk abin da gidanta ke ci a ranar shi za mu ci, wadda ta ƙara kala na biyu an ci ta tarar sayen littafi ɗaya a sa a akwatin ƙungiya. Ma'aikaciyar bankin ce ta fara biya, da gangan ma ina ji.

Kuma fa wannan rigima ta wa zai zaɓa ba a kanmu aka fara ba. A Amurka tun 1926 aka kafa wani kamfani da ke aika wa masu rajista littafi ɗaya duk wata ta gidan waya, su kuma sai suka naɗa alƙalai masu zaɓen littafin. A 1996 Oprah Winfrey ta buɗe tata ƙungiyar karatun a shirinta na talabijin, ita kaɗai ke nuna littafi jama'a su ruga kanti, littattafan da ta nuna suka riƙa shiga sahun waɗanda aka fi saya. A 1998 laburaren birnin Siyatil ya fito da tsarin gari guda ya karanta littafi guda. Har akwai waɗanda suka gaji da rigimar gaba ɗaya, a San Faransisko a 2012 wasu ƙawaye biyu suka fara zaman da kowa zai zo da littafin da yake so a zauna a yi shiru ana karatu, abin ya bazu ƙasashe da yawa. Ni wannan na ƙarshen bai kwanta min ba, in dai shiru ne ai ina da shi a ɗakina bayan yara sun yi barci. Wanda ya fi burge ni tsoho ne a cikinsu, Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, a 1727 a Filadelfiya ya tara abokansa su 12 mafi yawa masu sana'ar hannu suna haɗuwa duk ranar Juma'a da daddare, kuma a tsarinsu kowa da layinsa na kawo batun da za a tattauna, suka tara littattafansu wuri ɗaya, daga wannan ne aka samu laburaren da ya kafa a 1731. Da na ba Hajiya wannan labari cewa tayi toh ashe shima yana da hankali.

Amfanin layi shine dole ki karanta abin da ko a mafarki bazaki ɗauka da hannunki ba. Watan autarmu ta kawo wani ɗan siririn littafin waƙoƙi bai kai shafi 90 ba, Hajiya ta juya shi gaba da baya tace ke 'yar nan wannan ai ko jiƙa maƙoshi bazai yi ba, ni rubutacciyar waƙa ba abina bace. Auta tace Mama ki dai daure ki karanta. Ranar zaman aka ce kowa ta karanto wadda ta fi taɓa ta, da aka zo kan Hajiya ta gyara tabarau ta buɗe wani shafi da ta naɗe kusurwarsa, waƙa ce a kan mai jinya da ke zaune gefen gado cikin dare yana ƙirga numfashin mara lafiya, bata kai rabi ba murya ta sarƙe, ta cire tabaran ta ajiye a cinya. Sai ta fara ba mu labarin makonnin ƙarshe na maigidanta, ita da ta shekara fiye da 30 tana jinyar mutane amma ranar da abin ya zo gidanta hannunta rawa yake ta kasa sa masa ruwa. Shekara 4 muna tare bata taɓa ɗaga zancen ba. Babu wadda ta motsa, mai gida ta leƙo sau biyu ta koma.

Abin dariyar kuma, ita Hajiyar ce mai tsaron agogo a kan abinci, kullum tana tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tace kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili, ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 ko ya shiga firij ƙasa da digiri 5, shi yasa ma muka tsara hirar littafi awa ɗaya da rabi sannan a zuba. Ranar ita ta karya dokar da kanta. Da ta share ido ta duba waya sai ta miƙe tsaye tace maza a mayar da tukunyar nan kan wuta sai ta tafasa tana tururi, babu mai sa loma a baki kafin nan.

Kar in cika ka da yabon kai Edita, har yanzu muna da wadda bata taɓa gama littafi ba, kuma bata taɓa fashin zuwa ba. Mun daina faɗa da ita. Dokar kawai ki faɗi gaskiyar inda kika tsaya, kuma kar ki ce a rufa miki ƙarshen labari dan baki kai ba, za a faɗa a gabanki. Tunda kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski, wanke-wanke nata ne, kuma tana yi tana jefo tambaya daga kicin, wani lokacin ma tambayarta ta fi ta waɗanda suka gama ma'ana.

Shi malamin da yayi rubutun, in da gaske yana cikin wata ƙungiya da abinci ya rinjayi littafi, ina roƙonsa kafin ya kori tukunya ya ɗauko jerin littattafan da suka zaɓa na wata 6 da suka wuce ya duba shafi nawa ne kowanne, wa ya zaɓa, kuma mutum nawa suka kai ƙarshe tsakani da Allah. Ku kuma da zaku ɗan ware wani lungu a jaridar nan ko sau ɗaya a wata inda ƙungiyoyi irin namu zasu riƙa aiko da abin da suka karanta da yadda ya karɓu, da kun rage mana wahala, dan zaɓen nan ba ƙaramin aiki bane. Wannan watan layina ne, na kawo musu wani ɗan littafin tarihi mai shafi 190, mai ɗinki ce zata girka, kuma tun jiya mutum biyu sun yi min magana ta gefe wai rubutun yayi ƙanana.

Wassalam,
Taku, wata malamar makaranta