Gem ɗin besbol na MLB The Show: inda ya yi zarra da inda ya gaza

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan MLB The Show, gem ɗin ƙwallon besbol na babbar gasar Amurka (MLB) da sashen San Diego Studio na kamfanin Sony yake fitarwa duk shekara tun 2006. Da farko a PlayStation kaɗai ake samun sa, sai a 2021 ya shiga Xbox, a 2022 kuma ya isa Nintendo Switch. A ganina, in dai cikin fili ne, wato karon mai jifa da mai bugu, gem ɗin ya ciri tuta. Abubuwan da aka jibga a kewayen filin su ne ke cinye kuɗin mai wasa da haƙurinsa.

Ga wanda bai san besbol ba: mai jifa yana wurga ƙwallo daga nisan mita 18.44, mai bugu yana jiran ta da kulki. In mai bugu ya yi kuskure uku, an fitar da shi. In mai jifa ya jefa huɗu a wajen akwatin da aka ƙayyade, mai bugu bai kai musu kulki ba, ya samu zangon farko a kyauta, cikin zango huɗu da ake zagayawa da gudu a ci maki. An fitar da mutum uku, sai ƙungiyoyi su yi musayar aiki, haka har zagaye tara.

Bugu shi ne zuciyar gem ɗin. A tsarin da ake kira Zone, akwai wata alama mai suna PCI da ake motsawa da analog na hagu, wato ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa a hannun gem, a ɗora ta daidai inda ƙwallon za ta ratsa, sannan a danna maɓalli. A hannun PlayStation, X ne bugu na yau da kullum, murabba'i bugun ƙarfi, da'ira kuma bugun taɓawa kawai. Bugun ƙarfi yana ƙanƙanta alamar, don haka wanda ya riga ya yi kuskure biyu bai kamata ya taɓa shi ba. Bayan kowane bugu, gem ɗin yana nuna maka ko ka yi gaggawa ko ka makara, da kuma inda alamarka take lokacin da ƙwallon ta wuce. Wannan ɗan hoton malami ne babba. Yawancin sababbin hannu za su ga alamarsu kullum tana can ƙasa, saboda da ƙwallo ta taso sai babban yatsa ya fizgi analog da ƙarfi. Maganinsa a sassauta yatsa, a mayar da kyamara zuwa Strike Zone, a kafa ido a hannun mai jifa, a kuma koyi ƙyale ƙwallon da ta kauce. Wanda ke kai wa kowace ƙwallo duka, kwamfuta ma takan daina ba shi mai kyau.

A nan ne kuma matsala ta farko take. Ƙwallon da aka jefa da gudun mil 95 a awa, kimanin kilomita 153, tana isowa cikin kusan daƙiƙa 0.4. A PlayStation 5 da Xbox Series X, inda hoto ke sauyawa sau 60 a daƙiƙa, hotuna wajen 24 ke nan kake da su ka gane irin jifar, ka kai alama, ka danna. A Switch, mai sau 30, rabin haka ne. Talabijin da ba a sa shi a Game Mode ba yana iya ƙara jinkirin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, rubu'in lokacinka ya tafi ke nan tun kafin ka motsa. Mutum zai yi ta makara yana zargin yatsunsa, alhali laifin allo ne. Duk mai son bugawa ta intanet ya kunna Game Mode, ya kashe saitin da ke santsa motsin hoto, ya haɗa na'urarsa da waya maimakon Wi-Fi. Ko da an yi duk wannan, nisan da ke tsakaninka da abokin karawa yana nan, kuma a gem ɗin da ƙiftawar ido ke raba gwani da ɗan koyo, ɗan tsaikon layi ya isa ya ɓata wasa.

Jifa ma an yi mata aiki. Tsarin Pinpoint, wanda ya zo a 2021, yana sa ka zana siffar jifar da analog na dama: miƙaƙƙen layi ga jifa mai gudu, lanƙwasa ga mai karkata, sannan ka ja ƙasa daidai lokacin da da'irar ta rufe. Ka karkace wajen jan ƙasa, ƙwallon ta zame tsakiyar akwati, a yi waje da ita. Mai jifa yana gajiya yayin da jifarsa ke yawa, saitinsa ya fara lalacewa, kuma in za ka canza shi dole ka sa na benci ya ɗumama jiki tukuna. Wanda ya manta da wannan zai shigo da mutum da sanyin hannu a zagaye na takwas, ya zubar da wasan da ya riga ya ci.

Dole in yaba wa Storylines, wanda aka fara a 2023. Yana ba da tarihin gasannin baƙaƙen fata na Amurka, na zamanin da aka hana su shiga babbar gasa, da muryar Bob Kendrick, shugaban gidan tarihin waɗannan gasanni da ke birnin Kansas. Kana jin labarin shahararren mai jifa Satchel Paige, sai a miƙa maka shi ka yi jifa da hannunsa. Samun irin wannan a gem ɗin wasanni sai an tona.

To, sai inda gizo ke saƙar, wato Diamond Dynasty, inda ake tara katunan 'yan wasa a haɗa ƙungiya. Kuɗin ciki sunansa Stubs, ana samun sa da wasa, ana kuma sayen sa da kuɗin gaske. Gaskiya ne mutum zai iya haɗa ƙungiya mai ƙarfi ba tare da ya kashe ko sisi ba, amma da awanni masu yawa zai biya. Fakitin kati sa'a ce zalla, kuma kasuwar ciki tana cire kashi 10 cikin 100 na duk katin da ka sayar. A fitowar 2023 da 2024 har an sa wa katuna wa'adi, katin da ka sha wuya a kansa ya daina shiga wasu gasanni in sabuwar kaka ta kama. Sai a 2025 aka janye wannan tsari. Iyaye su lura da nan sosai: a rufe saye da lambar sirri a na'urar kafin a miƙa wa yaro hannu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake barin masu wasa su kaɗai a baya. Franchise, inda kake riƙe ɗaya daga ƙungiyoyi 30 a kakar wasanni 162, yakan daɗe bai ga canjin a zo a gani ba. Daga 2021 an daina barin mutum ya ɗauko ajiyarsa ta bara zuwa sabuwar fitowa, don haka ɗan wasan da ka raina shekara guda a Road to the Show, sashen da kake riƙe ɗan wasa guda ɗaya, a nan za ka bar shi. Fitowar 2025 kuma ba ta zo wa masu PlayStation 4 da Xbox One ba. Rashin kishiya yana da hannu a wannan sakaci, domin cikin sauran gem ɗin besbol, MLB 2K ya tsaya tun 2013, R.B.I. Baseball kuma a 2021.

Koyarwar ma da sauranta. Gem ɗin yana nuna maka maɓallai, amma yana ɗauka ka taso cikin besbol. Ba zai zaunar da kai ya fahimtar da kai dalilin da ya sa mai gudu zai koma ya taɓa zangonsa in an cafe ƙwallo a sama ba, ko lokacin da ya dace a saci zango. Sabon shiga ya kunna Dynamic Difficulty, wanda ke ɗaga wahala ko sauke ta gwargwadon ƙoƙarinsa, ya sa Quick Counts don wasa ya gajarta, ya fara da bugun Timing, inda lokaci kawai ake nema, kafin ya koma Zone. In kuma ba ruwansa da karawa ta intanet, fitowar bara ta wadatar da shi, domin jifa da bugun kusan duk ɗaya ne, sunayen 'yan wasa ne suka ɗan sauya.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu