Gobarar daji a Amurka: aikin jami'in da ba ya fitowa a hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, na rubuto ne game da rahotannin da kuka kawo mana kan gobarar da ta afka wa yankin Los Angeles a watan Janairun 2025, wadda ta lashe gine-gine sama da 16,000, akasarinsu a Pacific Palisades da Altadena. Kun yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Sai dai hankalinku, kamar na sauran kafafen labarai, ya fi karkata ga jiragen da ke zubo ruwa daga sama da jaruntar 'yan kwana-kwana, har mai karatu zai iya ɗauka cewa duk ƙasar da ta tara jirage da motoci ta gama da matsalar wutar daji. In kun ba ni fili, ina so in yi magana a kan jami'in da aka ɗora wa alhakin tsara shirin kare dazukan gwamnati daga gobara, wanda mafi nauyin aikinsa yake faɗowa a watannin da babu hayaƙi ko kaɗan. Tarihin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka ya isa a gane abin da nake nufi.

An kafa wannan hukuma a shekarar 1905, kuma a yau tana riƙe da fili kimanin eka miliyan 193. Shekara biyar da kafuwarta, a watan Agustan 1910, iska mai ƙarfi ta haɗe ƙananan wutace da yawa suka zama guda, cikin kwana biyu suka cinye kusan eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana, mutane sama da 80 suka rasa rayukansu, mafi yawansu masu yaƙi da wutar. A wannan gobara ne wani jami'i mai suna Ed Pulaski ya ceci akasarin mutanensa ta hanyar shigar da su ramin haƙar ma'adinai, kuma har gobe da sunansa ake kiran makamin da masu kashe wutar daji suka fi riƙewa, mai baki biyu, ɗaya gatari ɗaya magirbi. Mutanen da suka ga wannan bala'i da idonsu su ne daga baya suka zama shugabannin hukumar, don haka ba abin mamaki ba ne da a 1935 suka kafa dokar da ta ce duk wutar da aka ba da rahotonta, lallai a shawo kanta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. A 1944 aka ƙara da gangamin wayar da kai mai ɗauke da hoton wata dabbar beyar da suka sa wa suna Smokey, wanda ya cusa wa yara da manya cewa kowace wuta a daji abokiyar gaba ce.

Dokar ta yi aiki, kuma nasararta ce ta haifar da matsalar da ake fama da ita yanzu. Dazuka da yawa na yammacin Amurka, musamman na itacen da ake kira ponderosa, sun saba da ƙaramar wuta mai bin ƙasa duk bayan 'yan shekaru, wadda takan share busasshen ganye da ƙirare da ƙananan tsirrai, ta bar manyan itatuwa masu kaurin ɓawo a tsaye. Wani lokaci tsawa ce ke tayar da ita, wani lokaci kuma ƙabilun asali na ƙasar, irin su Karuk da Yurok na arewacin Kaliforniya, su ne ke cinna ta da saninsu a lokacin da suka san ba za ta yi ɓarna ba. Da aka hana waɗannan ƙabilu al'adarsu, aka kuma shafe shekaru gommai ana kashe kowace wuta tun tana jaririya, sai abincin wuta ya taru a ƙasa, ƙananan itatuwa suka cunkushe har suka zama tsani da harshen wuta ke bi ya hau kan manyan. Har yanzu hukumomin ƙasar suna kashe kusan kashi 98 cikin 100 na wutacen da suka tashi tun a farmakin farko. 'Yan kaɗan da ke kuɓucewa kuwa a ranar zafi da iska suke kuɓucewa, su tarar da tarin makamashin shekara da shekaru, kuma a irin wannan rana babu adadin jiragen da zai tsayar da su.

Hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na ƙasa ta fara sauya tunani a 1968, ita kuma hukumar gandun daji ta yi watsi da dokar ƙarfe 10 a 1978. Amma sauya doka a takarda ya fi sauya zuciyar jama'a sauƙi. Da wuta ta ratsa kusan kashi 36 cikin 100 na gandun Yellowstone a 1988, 'yan siyasa da 'yan jarida suka yi caa a kan jami'an da suka bar wasu wutacen tsawa suna ci da farko, ko da yake dajin ya sake tsirowa a shekarun da suka biyo baya.

A nan ne nake so a dubi halin da mai tsara wannan shiri yake ciki, domin a ganina shi ne zuciyar maganar. Ya san cewa maganin babbar gobara shi ne rage abincinta tun da wuri, ta hanyar sassabe ƙananan itatuwa da cinna wuta da gangan a ranar da aka auna ƙarfin iska da danshin ciyawa, aka share hanyoyin tare wuta, aka tanadi mutane da motocin ruwa. Idan ya yi hakan lafiya, babu wanda zai yaba masa, sai ma mazauna kusa su yi ƙorafin hayaƙi, saboda gobarar da ba ta faru ba ba ta da hoton da za a buga a jarida. Idan kuwa wutar ta kuɓuce masa, sunansa ne zai shiga bakin duniya. A shekarar 2000 wutar da jami'an gwamnati suka cinna a yankin Bandelier na jihar New Mexico ta tsallaka ta ƙone gidaje sama da 200 a garin Los Alamos. A 2022, a jihar dai, wutace biyu da suka samo asali daga aikin hukumar gandun daji suka haɗe suka ci sama da eka 340,000, gobara mafi girma a tarihin jihar. Ɗaya daga cikinsu tarin itace ne da aka ƙona tun watan Janairu, garwashinsa ya kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara har zuwa Afrilu sannan ya farka. Shugaban hukumar na lokacin, Randy Moore, ya dakatar da duk ƙonawar riga-kafi na tsawon kwana 90, majalisar dokoki kuma ta ware kusan dala biliyan 4 na diyya. A watan Oktoban 2022 ɗin, a jihar Oregon, shugaban 'yan sandan wata gunduma ya kama jami'in da ke jagorantar irin wannan ƙonawa yana tsakiyar aiki, bayan wuta ta taɓa filin kiwon wani mai zaman kansa.

Ban kawo waɗannan don wanke hukumar ba. Mutanen New Mexico da suka rasa gidajen kakanninsu suna da gaskiya su yi fushi, kuma binciken da hukumar ta yi da kanta ya amsa cewa an raina tsananin fari da bushewar dajin kafin a cinna wutar. Abin da nake nunawa shi ne yadda lada da hukunci suka karkace. Jami'in da ya zauna bai ƙona komai ba har tsawon shekara goma, ranar da babbar gobara ta zo za a ce ƙaddara ce da sauyin yanayi, a ba shi ƙarin kuɗi da lambar yabo. Wanda ya ɗauki kasada don hana wannan rana, shi ke iya kwana a hannun 'yan sanda. Duk hukumar da ba ta gyara wannan ma'auni ba, ta hanyar horar da jami'anta sosai sannan ta tsaya musu idan sun bi ƙa'ida amma iska ta juya, to a hankali za ta cika da masu jiran wuta ta tashi.

Batun kuɗi ma haka ya karkace. A 1995 kashe gobara yana cin kashi 16 cikin 100 na kasafin hukumar, amma a 2015 ya haura rabi, kuma a rahoton da ta fitar a shekarar ta ce lokacin gobara ya ƙaru da kimanin kwana 78 idan aka kwatanta da 1970. Tsakanin 1998 da 2015 ma'aikatan ɓangaren wuta sun ninka fiye da biyu, yayin da na sauran sassa suka ragu da kashi 39 cikin 100. Mafi muni, duk shekarar da kuɗin kashe gobara ya ƙare kafin lokaci, sai a ɗebo daga asusun sassabe da ƙonawar riga-kafi a cike giɓin, wato a cinye irin shuka don a ƙoshi yau. Sai a 2018 majalisa ta amince da wani asusu na daban don manyan gobara, wanda ya fara aiki a kasafin 2020.

Su kansu mutanen da ake tura wa bakin wuta, da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne na 'yan watanni, kuma kafin 2021 akwai masu karɓar ƙasa da dala 15 a awa, abin da ke sa ƙwararru barin aikin daidai lokacin da suka fara sanin halin wuta. Ƙa'idojin tsaron ransu kuwa da jini aka rubuta su. Mutuwar masu kashe wuta 13 a kwarin Mann Gulch na jihar Montana a 1949 tana cikin abin da ya haifar da umarni goma na 1957 da ake sa kowane sabon ma'aikaci ya haddace, amma duk da haka an rasa 14 a Colorado a 1994, da 19 a Yarnell ta jihar Arizona a 2013. Don haka wani babban ɓangare na aikin shugaban shiri shi ne ƙarfin halin cewa ba zai tura mutanensa wani kwari ba, ko da gwamna da masu gidaje suna matsa masa. Akwai kuma tsarin umarni na bai-ɗaya da aka ƙirƙiro bayan gobarar kudancin Kaliforniya ta 1970, inda aka ga hukumomi daban-daban sun taru a wuri guda amma rediyoyinsu da kalmominsu ba su jitu ba, da cibiyar Boise ta jihar Idaho da ke rarraba jirage da ma'aikata tsakanin jihohi. Waɗannan yarjejeniyoyi duk a lokacin sanyi ake ƙulla su.

Adalci ne in ce ƙonawar riga-kafi ba maganin kowane wuri ba ce, kuma Los Angeles na cikin wuraren da ba ta isa ba. Tsaunukan yankin cike suke da gajerun itatuwa masu maiƙo waɗanda yawan ƙonawa ke lalatawa, ga busasshiyar iskar Santa Ana da ke ɗaukar tartsatsi ta jefa shi nesa, sannan da zarar wuta ta shiga unguwa, gidajen ne suke zama makamashin juna. A irin wannan wuri aikin jami'in ya koma ga dokokin gini, rufin da ba ya kamawa, share kewayen gida, hanyoyin ficewa, da sa ido kan wayoyin lantarki, tunda wayar lantarki ce ta tayar da gobarar da ta hallaka mutum 85 a garin Paradise na arewacin Kaliforniya da kewaye a 2018. Binciken masana ya nuna mutane ne sanadin fiye da kashi 80 cikin 100 na wutacen daji a Amurka.

Mu ma nan muna da namu kason. Daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, mafarauta da masu neman sabuwar ciyawa da masu sharar gona suna cinna wa daji wuta, kuma duk manomi ya san bambancin wutar da aka sa ciyawa na da sauran danshi da wadda ta tashi bayan komai ya bushe ƙamas iska na kaɗawa. A Jamhuriyar Nijar an daɗe ana biyan mutanen karkara su share hanyoyin tare wuta a yankunan kiwo da zarar damina ta ɗauke, domin ceton abincin dabbobi. Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne kafin kakar bana ku tura wakilanku ga daraktocin gandun daji na jihohinmu da masu kula da wurare irin su Yankari da Falgore, su tambaye su nawa aka ware don share hanyoyin tare wuta, a wane wata kuɗin ke fitowa, wa ke da ikon ba da umarnin ƙonawar farko, kuma wace yarjejeniya suka yi da dagatai, ardo-ardo da sarakunan mafarauta na ƙauyukan da ke kewaye. Ku buga mana amsoshin da sunan ofishin da ya bayar.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku daga Bauchi