Rage Shekarun 'Yan Ƙwallo Ba Abin Dariya Ba Ne

Zuwa ga Editan Sashen Wasanni,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan shirinku na ranar Asabar da ta gabata, musamman wurin da baƙonku mai akadamin ƙwallo ya ce kowane ɗan wasa yana da shekaru iri biyu, na gida da na fili, ya kuma tuntsire da dariya, mai gabatarwa ya taya shi, sannan aka wuce zuwa wata magana kamar ba a faɗi komai ba. Ni ban yi dariya ba, ɗana da muke sauraro tare shi ma bai yi ba, domin abin da aka mayar raha shi ne yake neman raba shi da ƙwallon da ya ba wa ƙuruciyarsa gaba ɗaya.

Yaron nan shekararsa 14, kuma shekarun gaskiya ne, takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana hannuna tun yana goye. Yana buga tsakiya a wani kulob na yara a nan Jos. Da ya taso daga makaranta sai atisaye, ranar da babu makaranta kuwa da asuba yake fita gudu, har a watan Disamba, lokacin da sanyin garin nan ke hana manya leƙa waje. Ni nake biyan kuɗin wata, ni nake sayen takalmi da jesi, ni nake biyan kuɗin mota duk ranar da aka kai su wasa Bukuru ko Pankshin, kuma ban taɓa yin ƙorafi ba, saboda na ga da gaske yake yi, karatunsa ma bai ja baya ba. Amma a gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da aka kammala kwanan baya, a benci ya ƙare, kuma dalilin da koci ya ba ni shi ne yaron ba shi da jiki. Yaya za a yi ya yi jiki irin na wanda ya girme shi da shekara biyar ko shida? Na tsaya a bakin fili na ga masu tsaron baya na ɗaya ƙungiyar, na gane ɗaya daga cikinsu sarai, domin ya taɓa ɗaukata a babur ɗin haya, ga alamar aski a haɓarsa, amma a takarda sa'an ɗana ne. Tantancewar da aka yi kafin wasa da ido aka yi ta: a jera yara, a dubi fuska, a dubi ƙwauri, a ce wannan ya wuce, wancan bai wuce ba. Wanda kocinsa ya san masu gasar, ya wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan gasar. Kocin ya ja ni gefe, cikin girmamawa, ya ce tun da yaron ƙaramin jiki gare shi, a je a yi takardar rantsuwa a rage masa shekara uku. Ya kuma zayyana mini lissafin: dokar FIFA ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, ƙungiyoyin Turai kuma mai 18 ɗin suke nema, saboda haka gara ya kai 21 da ƙarfinsa da gogewarsa alhali takarda tana cewa 18. Wato ni uba, in je gaban kotu in rantse a kan ƙarya game da ranar da aka haifi ɗana, ranar da ni na yi masa huɗuba. Na ce masa a'a, kuma tun daga ranar na lura yaron ya koma cikin waɗanda ake sakawa idan saura minti biyar a tashi.

Da mai gabatarwarku ya yi shiri kafin ya zauna da wannan baƙo, da ya tuna masa cewa wannan ɗabi'a ta riga ta jawo wa ƙasar nan kunya. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Tun 2009 ake amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, domin idan ƙashin ya gama haɗewa, alama ce mai ƙarfi cewa mai shi ya wuce wannan shekara. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets, wato tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, suka faɗi wannan gwaji, Nijar ta fitar da mu, muka kasa zuwa kare kofin duniya da muka ci a 2015, wanda shi ne na biyar bayan na 1985 da 1993 da 2007 da 2013. Waɗannan yaran da suka faɗi gwaji ba daga sama suka faɗo ba, daga irin waɗannan kulob-kulob da akadami-akadami suka fito, inda babu na'ura, babu mai tambaya.

Baƙonku ya nuna kamar taimakon yaro ake yi. To, wane yaron? Wanda aka rage wa shekaru zai zo rubuta JAMB, inda ake neman lambar NIN, ya tarar ranar haihuwarsa ta makaranta daban, ta fasfo daban, iyayensa su shiga yawon gyaran takardu. Idan ma ya dace ya fita waje, jikinsa zai gaji a lokacin da takarda ke cewa yanzu ne ya kai ganiyarsa. Wanda kuwa ya ƙi ragewa, irin ɗana, kullum ana ture shi, ana karya masa gwiwa, har ya yarda cewa bai iya ba, alhali ba da tsararsa aka gwada shi ba. Na san yara biyu a layinmu da suka ajiye takalmi saboda haka, kuma dukansu sun fi ɗana iya taɓa ƙwallo.

Jos ba garin da za a yi wa wannan wasa ba ne. Mighty Jets ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ci a 2017, kuma a nan aka haifi John Obi Mikel da Ahmed Musa da Moses Simon. Duk yaron da ke buga ƙwallo a Gangare ko Rikkos ko Nasarawa yana kallon filin Rwang Pam yana lissafin ranar da zai taka shi. Irin waɗannan yara ne ke sauraronku, kuma ranar Asabar sun ji babba yana cewa ƙarya ita ce hanya, sun ji gidan rediyo ya yi dariya.

Kafin in rufe, tallar cacar wasanni da kuke sakawa a tsakiyar shirin da kuka ce na matasa ne, ita ma ba ta dace ba, a mayar da ita wani lokaci idan har dole ne a saka ta.

Buƙatata ita ce ku dawo da wannan baƙo, ku haɗa shi da wani jami'i daga hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da kuma likitan ƙashi, ku buɗe layin waya ga iyaye. A tambaye su me zai hana a wajabta takardar haihuwar da aka yi tun yaro yana ƙarami, da katin rigakafi, da rajistar makarantar firamare, kafin a saka sunan kowane yaro a gasa, a kuma daina karɓar takardar rantsuwar da aka yi sati guda kafin a fara wasa. Idan kun sa ranar, ku sanar da wuri, zan kira.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Unguwar Rogo, Jos.