Zuwa ga ƙawata ta Gwammaja

Assalamu alaikum ƙawalli,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Alhaji, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ke dai shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai da buƙatar abaya ta taso aka tuna da mutanen Jidda. Zan zo kan maganar abayoyin, amma bari in fara fesa miki wannan, don ta ƙi zama a cikina.

Auta ya yi saukar Alƙur'ani! Mun yi walima daren Juma'a a wata istiraha, wato wurin taro na haya, can unguwar Harazat a nan Jidda. Baban yara ya yi odar mandi, ni kuma na ce kahwa da dabino da sambusa sun isa a tari baƙi kafin a fito da shinkafa. Sai ga Goggo daga Makka, ita da ta rantse ba za ta taɓa hawa jirgin ƙasan Haramaini ba tun da aka buɗe shi a 2018, yanzu ta fi kowa sanin lokutansa. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce jikanta ba zai yi sauka da sambusar kanti ba, dunƙulen nama za a yi, irin na Hajiya Babba.

Kin dai san tarihin, kin sha ji a tsakar gidanmu na Jarwal a Makka: yadda su Hajiya Babba suka taso daga Kano a ƙafa, suka ratsa Chadi, suka shiga Sudan suka yi zaman Mai Wurno da tsintar auduga a Jazira, kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. To wannan karon Goggo ta bar ni na tsaya a kanta tun daga farko har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina jin tsufa ne ya fara tausasa ta.

Ga yadda abin yake, ki adana, kada ki ce ban ba ki ba. Naman ragon Sawakni ta sa aka sayo, a kowane kilo ɗaya a bar ɗan kitse, don tsoka zalla bushewa take yi a mai. Albasa gogawa ake yi, a zuba a ƙyalle mai tsabta a matse ruwan tas, domin ruwan nan shi ke wargaza dunƙule a kasko. Sai attarugu, tafarnuwa, ɗanyar citta, masoro, kanumfari kaɗan, da kimba da aka ɗan gasa aka daka. Ƙwai ɗaya. Inda Larabawa ke sa garin burodi a kuftarsu, mu garin ƙuli-ƙuli ne, cikin tafi biyu. Gishiri tun farko ake sa shi, a yi ta cuɗawa da hannu har naman ya fara danƙo yana kama tafi. Nan Goggo ta ƙwace kwanon, wai hannuna na 'yan boko ne. Ta cuɗa, ta ɗaga curin ta maka a kwano, ta sake makawa, awarwaronta na ƙara, har maƙwabciyata ta leƙo ko lafiya.

Bayan ya huta minti 30 a firij, a shafa mai a hannu a mulmula girman goro, yadda mace za ta kai baki ba ta ɓata jan-bakinta ba. Wuta matsakaiciya, saboda ƙuli saurin ƙonewa gare shi: in man ya yi zafi da yawa, waje ya yi baƙi ciki ɗanye. Ana tsamewa a mirgina shi cikin yaji da zafinsa, a soka tsinke. Gefe muka ajiye dakkus, wato miyar dangwale ta tumatir da ganyen kuzbara da lemun tsami. Goggo ta kalle shi ta taɓe baki, amma na ga tana dangwala a ɓoye.

Ƙawalli, faranti bai zagaya sau ɗaya ba ya koma wayam. Sambusa kuwa sai yara muka ba. Matar mai gidan hayarmu, wadda ko shatta, barkonon Larabawa, ba ta iya ci, tana share hawaye tana ƙara miƙa hannu, tana cewa wannan ai ya fi siriya, tsiren Shara Mansur na Makka. Ni ban yarda ba, tsire tsire ne, amma ban musa mata ba.

Sai ga rigima. Babbar ɗiyarki ta ce za ta fara sayarwa ta WhatsApp, har ta ɗauki hotuna. Goggo ta ce abincin gida ba na kasuwa ba ne, a kan gawarta. Ni ina bayan yarinyar, don girkin da aka ɓoye shi ke bin mai shi kabari, kuma Hajiya Babba kanta da tallan ƙosai ta ciyar da gida a Sudan. Ban dai faɗa a gaban Goggo ba, ina son kaina. Ke da take jin maganarki, ki kira ta ki lallaɓa mana ita.

Af, su Kawu sun koma Wad Madani bayan zaman Gadarif, tun da sojojin Sudan suka karɓe garin a Janairun 2025 yake ta ɗoki. Sun tarar an kwashe komai har ƙofofi, amma rai na nan, alhamdulillahi. Ki sa su a addu'a.

Mai Lalle kuma ta sake aure, na uku ke nan, kuma ba za ki taɓa cankar ango ba. Ba zan rubuta ba, sai kin kira.

In kin sami mai zuwa Umara, ki taimake ni da kimba da masoro daga Kurmi. Na shagunan Karantina a nan Jidda sun sha iska, ƙamshin ya gudu, ga tsada. Ƙuli-ƙulin ma in zai wuce filin jirgi ki haɗo, na Bida ba na siga ba. Ki gaida Alhaji, ki ce masa har yanzu ina bin sa bashin goron Sallah.

Taki har kullum,
Maman Auta