Zuwa ga abokan cinikinmu: kada a jona allo kafin mu gwada shi tare

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga iyayenmu Alhazai masu gidajen wasa, da 'yan'uwa matasa masu tara tsofaffin allunan wasa (wato allunan lantarkin da ake sokawa cikin akwatunan wasan bidiyo na saka kwabo) don sha'awa, na nan Garwa da na Marwa da Ngaundere, har da waɗanda ke yo mana aike daga Kusiri da Njamena. Da fatan ana lafiya, ya muka ji da zafi?

Dalilin wannan takarda wani kuskure ne da muka yi, kuma gara ku ji shi daga bakinmu. Kwanakin baya wani bawan Allah ya sayi allon Bubble Bobble a wurinmu. Yana sauri zai shiga mota, muka naɗe masa a kwali ba tare da mun haɗa masa da adafta ba, ba mu kuma yi masa bayani ba. Da ya isa gida sai ya nemo wanda ya haɗa masa wayoyi bisa tsarin akwatin da yake da shi. Aka kunna, sai ƙauri. Mun mayar masa da kuɗinsa, amma allon da aka ƙera tun 1986, ya tsallake teku, ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya ƙarasa Garwa a mota lafiya lau, a hannunmu ya mutu. Laifin namu ne, ba na mai saye ba.

Saboda haka daga yanzu babu allon da zai bar shagon nan sai mun kunna shi a gaban mai shi, ko a gaban ɗan aikensa. Mun san wasu za su ce ɓata lokaci ne. A yi haƙuri, ga abin da ya sa.

Yawancin akwatunan wasan da ke yankin nan suna bin tsarin da ake kira JAMMA, wanda masu ƙera injinan wasa na Japan suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1980. Bakin allon yana da haƙora 56, wato 28 a kowace fuska, kuma kowane haƙori da aikinsa: wannan na wuta, wancan na launi, wani na sauti, wani na sandar tuƙi da maɓallai. Amfanin tsarin shi ne ka zare wasa ɗaya ka soka wani a akwati guda. Snow Bros na kamfanin Toaplan, wanda ya fito a 1990, haka yake, shi ya sa masu gidajen wasa ke son sa. Amma Bubble Bobble na asali tsarin wayoyin kamfanin Taito yake bi, Donkey Kong na 1981 kuma na Nintendo. Idan aka ba su wuta ta inda ba nan suke karɓa ba, volt 12 na iya faɗawa inda ake jiran volt 5, kuma ƙananan sassan nan ba sa ba mutum damar gyara kuskure. Ko allon JAMMA ɗin ma, in aka soka shi a juye, ɓarna ce. Akwai 'yar tsaga a haƙori na 7 da aka yi don hana hakan, sai dai a tsofaffin soket da yawa ɗan robar da ke shiga tsagar ya daɗe da ɓata.

Shi Donkey Kong yana da wata rigimar ta daban. Talabijin ɗin da ake kallonsa a tsaye yake, ba a kwance ba, kuma launinsa a juye yake fita idan ba a talabijin ɗin Nintendo aka sa shi ba. Wanda bai sani ba zai rantse allon ya lalace.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi kawo mana gyara. Wutarmu volt 220 ce, ta Japan kuwa 100, don haka akwatin da ya zo da tsohuwar na'urar rage wuta ta can ba a jona shi kai tsaye. A jikin na'urar akwai ɗan abin murɗawa na daidaita volt 5. Don Allah a daina murɗa shi da ka. Mun sha ganin wanda hoto ya ɗan yi masa rawa sai ya ƙara wuta "ko zai warware", ya kai ta kusan 6. Mita ake sawa, a auna a bakin allon yana kunne, a tsayar da ita a 5 ko sama da haka da ɗan ƙiris. Wanda ke aiki da janareto kuma ya sa sitabilaiza a tsakani, in an ɗauke wuta ya kashe akwatin kafin a dawo da ita.

Abin da ya fi daɗi a aikin nan shi ne 'yan makunnan nan ƙanana da ake kira DIP, masu kama da haƙoran ɓera, jere takwas takwas. A Snow Bros jeri biyu ne, kuma da su ake yanke komai: kwabbai nawa ke ba da wasa ɗaya, rai nawa ɗan wasa zai fara da shi, wahalar wasan, ko akwatin zai riƙa kiɗa in ba kowa a gabansa. Akwai ma wanda in an ɗaga shi ɗan wasa ba ya mutuwa sam. Wani mai gidan wasa ya taɓa zuwa mana rai a ɓace, wai yaro ɗaya ya riƙe akwati tun azahar da kwabo guda. Da muka duba, makunnin nan ne aka taɓa garin share ƙura. A kashe wuta kafin a taɓa su, domin galibin allunan a lokacin kunnawa suke karanta saitin.

Ra'ayinmu ga masu gidajen wasa: kada a kai wahalar ƙarshe don a ci kuɗin yara da sauri. Yaron da ya mutu a hawa na biyu ba zai dawo gobe ba. Wanda ya kai hawa na goma a Snow Bros ya ga babban dodo, shi ne zai je ya kirawo abokansa. Abin dariya, yaran Garwa da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sun fi kowa iya dunƙule dodo da ita su shure shi ya gangara.

Masu tarawa kuma, daga yau za mu rubuta a jikin kowane allo ko na asali ne ko kwafi. Kwafin Bubble Bobble ya yi yawa a duniya, wasu ma suna fitowa da sunan Bobble Bobble. Na asali yana da wani guntu na musamman da Taito ta sa don hana sata, kuma da yake masu kwafi ba su iya kwaikwayonsa daidai ba, dodanni da kyaututtukan cikin wasan ba sa tafiya yadda aka tsara su. Kwafi ba abin ƙi ba ne ga mai son yara su yi wasa, sai dai kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba za mu bari a biya kuɗin doki a tafi da jaki ba.

Wasu allunan, irin na tsarin CPS-2 na kamfanin Capcom, suna da batir da ke riƙe da mabuɗin sirrin wasan. In ya mutu wasan ya daina tashi. Mai irin wannan ya kawo mu duba tun yana aiki.

Ajiya kuwa, ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu su ne abokan gaba. A sa allo a ledarsa, a tsaye, nesa da rufin kwano, a riƙe shi ta gefe. Burushi mai laushi ya isa shara, ban da ruwa, ban da kananzir.

Duk wanda ya sayi allo a wurinmu a baya, ya kawo shi ranar Asabar bayan la'asar mu auna wuta mu saita makunnai kyauta. Na nesa su turo hoton fuska biyu na allon ta WhatsApp kafin su jona komai, za mu faɗa musu ko yana buƙatar adafta.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Mai shago da yaransa, Garwa